Durumi: An Raina Jan Ƙasa, An Ƙare A Ɗakin Buhu

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, maganar yau ta shafi aljihunku kai tsaye. Da wuya a sami wanda ya baro Arewa ya zo Kudu neman halaliya ba tare da buri ɗaya a zuci ba, watau ya tara abin da zai kafa ɗaki nasa na kansa, ko a garinsu, ko a Abuja in hali ya yi. Dillalin shanu a Agege, da mai dako a Mil 12, da mai gadi a Ikoyi, da mai goro a Sabo, in sun zauna hira da dare tambayar da ba ta wuce su ita ce, yau buhun siminti nawa yake? A watan Fabrairu na 2024 buhu ya haura naira dubu goma a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanonin siminti aka zauna, aka ce a mayar da shi tsakanin naira 7,000 da 8,000. To ko da wannan ragin, wane talaka ne zai iya ɗaga ɗaki biyu da falo? Shi ya sa garuruwanmu suka cika da kangaye, an kai linta an tsaya, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, mai gida kuwa yana nan Kudu yana biyan haya.

Abin da nake so mu duba shi ne, ƙasar nan ta mai da siminti shi kaɗai ne gini, ta mai da jan ƙasa abin kunya, alhali kuwa yawancin jama'arta ba su da ƙarfin siminti. Wanda aka raba shi da ƙasa, kuma siminti ya fi ƙarfinsa, ina zai kwana? Amsar tana Durumi.

Durumi unguwa ce a birnin tarayya, tana maƙwabtaka da Area 1 ta Garki, inda tsohuwar sakatariyar tarayya take. Bahaushe in ya ji sunan, abin da zai faɗo masa a rai shi ne itacen nan mai duhun inuwa da ake dasawa a ƙofar gida ko bakin kasuwa. Amma inuwa ita ce abin da ya fi ƙaranci ga wasu mazauna wurin. A shekarar 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Gwoza a watan Agusta, jama'a suka watsu, wasunsu suka yi ta gangarowa har suka yada zango a wani fili a Durumi. Abin da suka samu shi suka yi ɗaki da shi: buhunan siminti da aka zazzage aka yar, da tamfol, da leda, da tsohon kwano, da guntayen katako. Sojoji sun ƙwato Gwoza a watan Maris na 2015, amma zaman lafiyar da zai sa kowa ya koma gona bai samu ba, har aka shiga 2024, shekara goma ke nan, mutane na kwana a cikin waɗannan ɗakuna. A 2024, yaron da aka haifa a can farkon zuwa ya isa shiga aji biyar na firamare bai taɓa kwana a ɗaki mai bango ba.

Abin takaicin da ya fi ci mini rai shi ne su wane ne waɗannan mutane. Mutanen duwatsun Gwoza magina ne tun kaka da kakanni. Su ne masu jera dutse hawa hawa a jikin tsauni su yi gona a inda wani zai ce akuya ma ba ta iya tsayawa, su ne masu ɗakunan dutse da laka da rumbuna waɗanda ke yin shekaru aru aru. Maƙwabtansu na Sukur a jihar Adamawa, saboda irin wannan gini na dutse ne hukumar UNESCO ta sa ƙasarsu cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999. Masu wannan hannu ne aka bari suna ɗinka buhu da buhu. Su kuma Gbagyi, waɗanda Bahaushe ke kira Gwarawa, 'yan asalin wannan yanki tun kafin Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar sabon birnin tarayya a ranar 3 ga Fabrairu 1976, su ma da ƙasa suka san gini, da ita suke yin ɗaki da rumbu da tukunya. Ku duba bayan takardar naira ashirin, za ku ga Ladi Kwali tana ginin tukwane. Yumɓun Abuja ya isa ya hau kan kuɗinmu, amma bangon ƙasa a cikin Abuja, a idon masu mulkin birni, alama ce ta ƙauyen da ke jiran katafila.

Yaya aka yi muka iso nan? Dattawan da suka daɗe a Ikko ba sa bukatar a ba su labari. A shekarar 1975, kuɗin man fetur ya shigo, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, mafi yawansa da sunan Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar Apapa ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira kowace rana, siminti kuwa yana shan laima yana daskarewa a cikinsu. Wannan abin kunya ya wuce, amma ɗabi'ar da ya zo da ita ba ta wuce ba. Tun daga lokacin duk wanda ya yi kuɗi, abu na farko shi ne ya rushe soron ubansa ya kafa bulo da kwano, don a san ya je Kudu ya dawo. Aka zana Abuja a 1979 a kan wannan tunani, aka tare a cikinta a ranar 12 ga Disamba 1991, birnin kankare da gilashi a tsakiyar ƙasar da rana ke dukan ta wata da watanni.

Yanzu ba mu jiran jirgin ruwa, muna da masana'antunmu a Obajana da Ashaka da Sakkwato da Ewekoro, kuma wannan abin a yaba ne. Babu mai hankalin da zai ce a gina gada ko madatsar ruwa ko bene mai hawa goma da tubali. Amma ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin buhun da yake saye. Kafin a sami siminti sai an fasa dutse an niƙa, an gasa shi a wuta mai zafin digiri 1,450, kuma shi kansa dutsen in ya gasu yana fitar da iskar kabon, ban da wadda makamashin gasawar ke fitarwa. Masana sun ƙiyasta cewa sana'ar siminti ita kaɗai ke fitar da wajen kashi 8 cikin ɗari na wannan iska da ke ɗumama duniya. Mu kuwa 'yan Arewa ba sai an fassara mana ɗumamar yanayi ba, mun gan ta a tafkin Chadi, mun gan ta a gonakin da rairayi ya cinye, kuma ita ce ta koro da yawa daga cikinmu zuwa Kudu. Bayan siminti akwai yashi da tsakuwa. Mazauna Ikko suna ganin yadda ake yashe ƙasan ruwa dare da rana, mazauna Abuja kuma suna jin ƙarar nakiya a duwatsun Mpape, inda ƙasa ta yi motsi a watan Satumba na 2018 har hukuma ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci.

Sa'an nan ga abin da jiki ke sha. Bulon da ake bugawa a bakin titi rami ne a ciki, bangonsa siriri, ga kwano a sama sau da yawa ko silin babu. Rana na fitowa ɗaki ya ɗau zafi, da azahar ya zama tanda, da dare kuma a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma sauro ya yi biki. Mai kuɗi ya sa na'urar sanyaya ɗaki ya tada janareta, ya ƙara wa unguwa hayaƙi da zafi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 shi ma ya fara jin jiki. Wanda duk ya taɓa shiga zauren ƙasa a Kano ko Zariya da tsakar rana a watan Afrilu ya san bambanci. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ya iso ciki rana ta faɗi, da sanyin hunturu kuma sai ya riƙa mayar da ɗumin da ya tara. Ba da ko kwabo na wutar lantarki ba.

Kada wani ya ɗauka ginin ƙasa cuɗa laka ne kawai a manna. Ilmi ne mai sarauta, shi ya sa biranenmu ke da Sarkin Magina. Magini ya san ramin da ƙasarsa ke da kyau, a jiƙa ta a tattake da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa kai tsini, a shanya a rana. Bango yana farawa da kauri a ƙasa yana sirancewa in ya yi sama. Rufi kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci da sauƙi, in ɗaki ya yi faɗi a ɗaura bakan gizo ya ɗauki nauyi. A shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema ke zubarwa da ruwan dafara, a sa indararo ya tura ruwa nesa da bango. Ku lura fa, abin da marini da majemi suka zubar shi ne kayan aikin magini, babu abin da ya tafi a banza, kuma ranar da gida ya tsufa ya faɗi, ƙasarsa ake sake kwaɓawa a tada sabo. Da wannan ilmi Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, ginin da masana zanen gine-gine daga ƙasashen duniya ke zuwa kallo. Da shi aka gina Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina da masallacin Agadas.

To, na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce ginin ƙasa sai an yi ta yaɓe kowace shekara, kuma duk damina muna jin labarin ɗaki ya faɗa wa iyali. Za su ce Abuja ba Kano ba ce, damina a can tana farawa tun Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Za su ce giginya ta yi ƙaranci, kuma haƙar ƙasa ita ce ta bar mana kududdufai a cikin Kano, ta cinye ganuwa. Duk gaskiya ne. Amma a tuna, benen da ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, mai hawa 21, ya kashe mutane fiye da arba'in, babu ko tubali ɗaya a jikinsa. Abin da ke kashe mutane shi ne ha'inci da rashin kula, ko a laka ko a kankare. Bulon da aka buga da yashi tsagwaro, aka ɗan yayyafa masa siminti don a sami riba, wanda za ka murje da yatsa, bai fi tubalin kirki ƙarfi ba.

Sauran matsalolin kuwa an daɗe da samo maganinsu, mu ne ba mu waiwaya ba. Tun shekarun 1950 aka ƙera wani ƙaramin injin hannu a ƙasar Kolombiya wanda ke matse ƙasa ya fitar da bulo mai kusurwa huɗu. Ana tankaɗe jan ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan jiƙa, a matse, a lulluɓe a riƙa yayyafa ruwa har ya yi ƙwari. Ba a gasa shi, saboda haka ba a sare itace ko ɗaya dominsa, kuma wannan ne ya bambanta shi da jan bulon da ake ƙonawa da itace. A yi masa harsashi na dutse ko kankare ya ɗaga shi daga laima, a yi rufi mai dogon baki ya kare bango daga feshin ruwa, shi ke nan ya jure wa daminar Abuja. Ƙasar da aka haƙo wajen harsashi da masai da rijiya tana iya ba da wani kaso na bulon, ba sai an buɗe sabon kududdufi ba. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera irin waɗannan injuna a nan gida. Tambaya ita ce, mutum nawa a cikinku suka taɓa ganin ɗaya a kasuwa?

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sun riga mu. A garin Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, a 1986 kuma aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan. Tun shekarun 1980 ake koya wa magina a Nijar rufin ɗaki da tubali zalla, a yi shi ƙubba ko baka, ba azara ba kwano, don a huta da saran itatuwa. A zamanin nan kuma Mariam Issoufou, masaniyar zanen gini 'yar Nijar, ita da abokan aikinta sun gina gidajen zama na bulon ƙasa a birnin Yamai a 2016, sa'an nan a garin Dandaji ita da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa, aka gama a 2018. A Burkina Faso, Francis Kere ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga kwano sama da rufin ƙasa don iska ta riƙa ratsawa tsakani, a 2022 kuwa ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Turawa na ba da lambar yabo a kan abin da muke rushewa don kada a ce mana 'yan ƙauye.

An kuma gwada gidan kwalabe a Sabon Yelwa kusa da Kaduna a 2011, inda ake cika robobin ruwa da yashi a jera su kamar bulo. Dabara ce mai kyau wajen rage shara, amma ban ga ta zama hanyar da miliyoyin mutane za su bi ba. Ƙasa kuwa tana ƙarƙashin ƙafar kowa.

Mu koma Durumi, domin a can ne za a gane cewa injin matse bulo shi kaɗai ba ya warware komai. Me ya sa magini ɗan Gwoza bai kwaɓa ƙasa ya tada bango ba a cikin shekara goma? Ba don ya manta ba ne. Filin ba nasa ba ne, kuma tun da dokar mallakar ƙasa da dokar kafa birnin suka sa kowane taku na Abuja a hannun gwamnatin tarayya, wanda ba shi da takarda baƙo ne ko da a nan aka binne cibiyarsa. Kowa ya ga rusau ɗin da aka yi daga 2003 zuwa 2007, da waɗanda suka biyo baya. Wa zai zuba guminsa a bangon da katafila za ta iya turewa gobe da safe? Sai ya zaɓi abin da zai iya naɗewa ya ɗora a ka. Ta haka rashin takarda ke haifar da ɗakin leda, ɗakin leda kuma ya zama hujjar da za a ce wurin ƙazanta ne a rushe shi. Leda ba ta hana zafi, ba ta hana sanyi, in gobara ta tashi kuwa kafin a ɗebo ruwa an gama.

A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin gini mai tsimin makamashi, amma ƙa'idar da ke cikin kundi ba ta sanyaya ɗakin kowa. Abin da ake bukata a aikace shi ne a fitar da ma'auni bayyananne na bulon ƙasa, wanda jami'in duba gini zai sa hannu a kansa ba tare da yatsine fuska ba, bankin ba da lamunin gidaje kuma ya karɓe shi jingina kamar yadda yake karɓar na siminti. Makarantun koyon sana'a su ɗauki tsofaffin magina su koyar, tun kafin a binne ilmin laso da bakan gizo tare da masu shi.

Ku kuma 'yan'uwa, kuɗin ku ne ke gina da yawa daga cikin sababbin gidajen ƙauyukanmu, saboda haka abin da kuka zaɓa shi ƙauye zai kwaikwaya. Kafin ka aika a sayo bulo, ka sa a tambayi maginin garinku abin da zai ci in an yi harsashin dutse da bangon ƙasa. Gwajin ƙasar ma ba wuya: a zuba ta a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza a ajiye, yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau sama. Wadda yashinta ya fi yawa, da laka daidai gwargwado da za ta riƙe shi, ita ce ta bulo, wadda laka ta yi mata yawa kuwa tsagewa za ta yi in ta bushe, sai an ƙara mata yashi. Ƙungiyoyinku na 'yan gari ɗaya da ke taro a Sabo da Idi-Araba, waɗanda ke tara kuɗin kai gawa gida, suna iya tara na injin bulo ɗaya su aika, matasan gari su sami sana'a. Simintin da ka rage a bango sai ka sa shi inda ya fi amfani, watau harsashi da masai da bakin rijiya.

Amma talaka ba zai yarda da abin da mai mulki ke ƙyama ba. Muddin ofisoshin gwamnati da gidajen manya gilashi ne da kankare, duk wanda aka ce ya yi ginin ƙasa zai ɗauka an raina shi ne. Don haka hukumar birnin tarayya ita ya kamata ta fara. Ta keɓe fili mai takarda ga 'yan gudun hijirar da suka yi shekara goma a Durumi da 'yan asalin wurin, ta gina makarantar firamare da ɗakin shan magani da matsattsen bulon jan ƙasar Abuja, ta sa tambarinta a ƙofa kowa ya gani, aikin kuma ta ba maginan Gwoza da na Gbagyi, ta biya su ladan gwanaye.